Rediyon Wat Goma: Wa Ya Kamata a Hana Magana a Bakin Titin Amurka?

Kawuna ya haura shekara ashirin yana jan tirela a Amurka, kuma a motarsa na fara jin irin tashar da zan yi magana a kanta. Cikin hunturu ne, muna kan babbar hanya mai lamba 80 a jihar Wayomin, inda iska kan kwantar da tirela a gefen titi kamar an hankaɗe kwali. Mun sauke kaya, fanko muke tafe. Can gaba sai ga allo a bakin hanya, fitilu biyu masu ruwan ɗorawa suna ƙyaftawa a kansa, an rubuta a kama lamba kaza a zangon AM. Kawu ya dakatar da karatun da yake saurare, ya murɗa rediyo. Wata siririyar murya ta fito, kamar mai magana ta cikin gwangwanin madara. Ta ce an rufe hanya ga dogayen motoci marasa nauyi daga gari kaza zuwa gari kaza saboda iska, ta faɗi inda za a iya tsayawa, sannan ta koma farko ta sake faɗa.

Na ce, "Kawu, wannan wace irin tasha ce? Ba sallama, ba gaisuwa, ba ko ɗan kiɗa."

Ya ce, "Ɗana, ai ba hira ta zo yi ba. Leƙa madubi ka ga ko akwai mota a damana."

Muka ratse, muka kwana a wurin tsayawar manyan motoci. Da safe mun wuce wata tirela kwance a kan haƙarƙarinta, tayoyi suna kallon gefe, dusar ƙanƙara ta fara rufe ta.

Irin waɗannan ƙananan tashoshi suna warwatse a faɗin Amurka, kuma doka ta san da su tun 1977, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Tarayya, FCC, ta ware musu gurbi a matsayin tashoshin bayanin matafiya. Da farko lamba biyu kacal aka ba su, 530 da 1610, wato gefe da gefen zangon AM na wancan lokacin, daga baya aka buɗe musu sauran zangon har zuwa 1700. Hukumomin gwamnati ake ba lasisin, irin su ma'aikatar hanyoyi ta jiha, ƙaramar hukuma, filin jirgi, da masu kula da gandun daji. Ƙarfin na'urar ba ya wuce wat 10, kwan fitilar ɗaki na da ma ya fi shi cin wuta, kuma eriya ba ta wuce mita 15 a tsawo. Da wannan ɗan ƙarfi muryar kan kai kilomita biyar zuwa takwas ta kowane ɓangare, in an yi sa'a da ƙasa mai kyau. Yi lissafi da kanka: mai gudun kilomita 100 a awa zai shiga ya fita cikin minti shida zuwa goma. Wannan shi ne duk lokacin da tashar take da shi da kai.

Abin da ake ta jayayya a kansa shi ne me aka yarda ta faɗa cikin waɗannan mintuna. Sashe na 90.242 na ƙa'idojin hukumar ya lissafa shi dalla-dalla. Murya kawai, ba kiɗa. Ba talla. Halin da hanya take ciki, cunkoso, haɗari, kwatance, ko akwai masauki da gidan mai da wurin hutawa a gaba, da bayanin wuraren tarihi ko na shaƙatawa da ke kusa. Tasha tana iya ce maka akwai gidan mai nan da kilomita goma, amma ba za ta kama sunan kamfanin ba. Togaciya ɗaya aka yi: a filin jirgi ko tashar jirgin ƙasa ko ta bas, an yarda a ambaci sunan kamfanin sufuri, don fasinja ya san ƙofar da zai nufa da inda zai ajiye mota.

Ra'ayina a taƙaice shi ne dokar ta yi daidai wajen waɗanda ta kora, ta yi kuskure wajen abin da ta ɗauka shi ne ma'aunin gaggawa. Bari in fara da inda nake tare da ita, don a nan ne mutane suka fi yi mini gardama.

Mun san bambancin mai shela da maroƙi da dillali, ko da duk ukun suna ɗaga murya a kasuwa ɗaya. In mai shela ya ce sarki ya gaishe ku, kowa ya kan tsaya, har mai awo ya kan riƙe mudu a hannu, don an san ba ya buɗe baki sai da dalili. Ranar da ya fara haɗawa da cewa a leƙa rumfar wane akwai sabon yadi, ya gama zubar da kansa. Gobe in ya ce an ga kura a bayan gari, rabin kasuwa za su ɗauka wani tallan ne ya ɗauko. Abin da ya sa Kawu ya katse karatunsa ba tare da tunani ba shi ne ya san wannan murya ba ta taɓa sayar masa da komai ba. A ƙasar da ake saka talla a jikin famfon mai da bayan rasit da kujerar jiran bas, samun murya guda da doka ta haramta mata sayarwa ba ƙaramin abu ba ne.

Masu son a sassauta suna da hujja, kuma ba ta wofi ba ce. Sukan ce ƙaramar hukuma ba ta da kuɗin kula da na'ura, to me zai hana otal ɗin garin ya ɗauki nauyi a ambaci sunansa sau ɗaya a awa? Amsata ita ce garin ba otal ɗaya gare shi ba. Wanda ya biya ya samu muryar gwamnati tana nuna ƙofarsa ga kowane baƙo, wanda bai biya ba ya zama kamar ba ya nan, alhali da harajinsa aka kafa eriyar. Ga kuma ƙaramin gidan rediyon garin mai zaman kansa, wanda da tallan wannan otal ɗin yake biyan ma'aikata. Ba adalci ba ne hukuma ta shiga kasuwa da shi, ita da ba ta neman riba kuma ba ta tsoron karyewa.

Kiɗa ya fi wuyar yanke wa hukunci, na yarda. A Faransa duk wanda ya hau manyan hanyoyin da ake biyan kuɗi ya san 107.7 a zangon FM, inda ake sa waƙa, ana katsewa lokaci-lokaci a ba da labarin hanya. A Legas ma gwamnatin jiha ta buɗe tashar zirga-zirga a 96.1 tun 2012, cikakkiyar tasha ce mai masu gabatarwa da shirye-shirye. Kiɗa yana riƙe kunne, wannan gaskiya ne. Amma waɗancan tashoshi ne da za ka yi awa kana tare da su. Wadda take da minti shida da kai, in ta kashe uku a waƙa, direban da ya kama ta a daidai lokacin ya wuce mararrabar da ya kamata ya ratse kafin a zo kan magana. Kuma gaskiya ko an yarda ma ba wanda zai ji daɗin kiɗan. Shekaru da dama doka ta tilasta a tace sautin tashoshin a kilohaz 3, kusan faɗin muryar tarho, shi ya sa take fita kamar daga gwangwani. Sai a 2015 aka ɗaga zuwa kilohaz 5, don magana ta fi fita tangaram.

Na ukun da doka ta kora, ko da ba ta kama sunansa ba, shi ne ɗan siyasa, kuma a ganina shi ne mafi haɗari. Ka tuna wa ke riƙe da lasisin: magajin gari da kansiloli da gwamna. Amurkawa suna da tsohon tsoro game da gwamnati mai rediyon kanta a cikin gida. Mu da muka tashi muna jin Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ya fara a 1979, da yawanmu ba mu san cewa shekara da shekaru dokar Smith-Mundt ta 1948 da gyare-gyaren da aka yi mata sun hana a yaɗa waɗannan shirye-shirye ga Amurkawan da ke gida ba, sai a 2013 aka sassauta. Wato abin da suka ga ya dace da kunnenmu, sun ga bai dace gwamnati ta zuba shi a kunnen masu zaɓenta ba. Akwai abin dariya a ciki, akwai kuma abin lura. Duk wanda ya taɓa zama a inda gidan rediyon jiha ke buɗe labarai da gwamna ya rufe da uwargidan gwamna ya san yadda abin ke farawa. Ba da jawabin kamfe ake farawa ba. Da "saƙon magajin gari ga matafiya" ake farawa, sai bayanin sabon titin da ya gina, sai ranar buɗe shi, sai ka ga wata biyu kafin zaɓe tashar ta manta da ramukan da ke kan titi. Wanda yake son tashar gari mai hira da kiɗa da zaman kansiloli yana da ƙofa: tun 2000 FCC ta ƙirƙiro ƙananan tashoshin FM masu wat 100 marasa neman riba. Ya je can.

To ina kuskuren? Yana wajen yanayi, da wajen shiri kafin bala'i.

Gwamnatin Amurka tana da rediyon yanayi na NOAA, hukumarta mai kula da hasashen yanayi, wanda ke karanta hasashe da gargaɗi dare da rana. Matsalarsa ɗaya: yana kan zango na musamman, tsakanin megahaz 162.400 da 162.550, kuma rediyon yawancin motoci ba ya kama shi. Masu kula da ƙananan tashoshin hanya suka ga hikima ce su jona shi a tasharsu, direba ya samu a AM. A 2007 sai jami'an FCC suka aika wa birnin Santa Monika a Kalifoniya takardar saɓa ƙa'ida saboda haka. Ka duba lamarin da kyau: hukumar gwamnati ɗaya ta tuhumi wata hukumar gwamnati da laifin maimaita hasashen yanayin da hukumar gwamnati ta uku ta fitar kyauta don jama'a. Ba a sayar da komai ba, ba a yabi kowa ba.

Abin ya tayar da ƙura. Ƙungiyar masu gudanar da irin waɗannan tashoshi, AAIRO, da ƙungiyar jami'an hanyoyi na jihohi, AASHTO, suka shigar da koke. FCC ta buɗe sauraron ra'ayi a ƙarshen 2010, ta yanke hukunci a watan Yulin 2013. Ta ce duk saƙon da ya shafi barazanar da ke gab da afka wa rai ko dukiya ya halatta, ko da bai shafi tafiya kai-tsaye ba. Sanarwar AMBER ta yaron da aka sace, wadda ta samo suna daga Amber Hagerman, yarinya 'yar shekara 9 da aka sace aka kashe a Teksas a 1996, ta shiga. Rediyon NOAA ma ya halatta, amma a lokacin da yanayin ke da haɗari ko yake shirin zama haɗari. Jona shi kullum, rana ta fito ko ba ta fito ba, bai halatta ba. An kuma bar wa mai lasisi ya auna da kansa ko abu ya kai barazana, bisa cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ci gaba ne, ban musa ba. Amma kalmar "gab da" ita ce ƙashin da ya tsaya mini a wuya.

Ɗauki yanayi tukuna. Wane direba ne zai ce hasashen gobe ba bayanin tafiya ba ne? Kawu ba ya tambayar ko ƙanƙara na zuba yanzu, wannan yana ganinsa ta gilashi. Abin da yake so ya sani shi ne ko za ta zuba nan da awa shida a kan dutsen da zai haura, don ya yanke ko ya kwana a nan ko ya taka. Kuma ko da hasashen ya ce garau ne, wannan ma labari ne, da shi zai yanke shawarar wucewa. Dokar da ta yarda a gaya maka tarihin wani tsohon sansanin soja da ke gefen hanya, amma take ɗari-ɗari da gaya maka cewa gobe za a yi rana, ta juya abin kai ƙasa. A aikace kuma, abin da ake nema shi ne wani ma'aikaci a ƙaramar hukuma, wanda wataƙila shi ne mai kula da motocin kwana-kwana kuma shi ne mai kula da jiniya, ya zauna yana auna sararin sama: yanzu ya kai a jona, yanzu ya kai a cire. Mutumin da ya san an taɓa aika wa wani birni takarda, in ya yi shakka, cirewa zai yi. Shakkar kuwa a daidai lokacin da hadari ke haɗuwa take zuwa.

Sai batun shiri, wanda ya fi damuna. Akwai maganganun da amfaninsu duka yana cikin a faɗe su tun babu komai. Unguwarku tana shiyya ta nawa in aka ce a kwashe mutane. Wace hanya za ku bi, wace ce za a rufe. In ƙasa ta girgiza a bakin teku, kada ku jira jiniya, ku nufi tudu. Ku ajiye ruwa da magani da tocila. Duk waɗannan ba su cika sharaɗin "gab da" a ranar Talata mai sanyin iska ba, amma ranar da suka cika shi, lokacin koyo ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Nuwamban 2018 gobarar daji ta cinye garin Paradise a Kalifoniya, mutum 85 suka mutu, wasu a cikin motocinsu a kan titunan da suka cushe. A watan Agustan 2023 wuta ta shafe garin Lahaina a tsibirin Mawi na jihar Hawayi, kusan mutum 100 suka rasu, lantarki ya ɗauke, wayoyi sun daina aiki, jiniyoyin gargaɗi ba su yi kuka ba. Ba ina cewa rediyon wat goma zai hana waɗannan ba, ƙarya zan yi. Ina cewa ne a irin wannan rana mutum ba ya neman tashar da bai taɓa kamawa ba. Hannu yana zuwa ne inda ya saba. Tashar da ta yi shekara tana maimaita inda ake ajiye mota a bakin ruwa, ba wanda zai tuna da ita cikin hayaƙi. Wadda mutanen gari suke leƙawa kowace safiya don jin yanayi, ita ce za su kama ba tare da an ce musu ba.

Za a ce mini sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: yau ka yarda da saƙon shiri, gobe magajin gari ya ce gina sabon ofishin kwana-kwana da ya yi ma shiri ne. Tsoron yana da tushe, ni ma na faɗe shi a sama. Amma maganinsa a toshe tsagar da ƙadangaren ke bi ne, ba a toshe taga ba. Ana iya rubuta ƙa'ida da yaro ma zai iya dubawa. Kada a ambaci sunan kamfani, wannan yana nan tuntuni. Kada a ambaci sunan zaɓaɓɓen jami'i, kada kuma a ji muryarsa, sai a cikin bala'in da aka ayyana. Kada a yabi aiki, kada a nemi ƙuri'a, kada a tallata taro. Bayan wannan, yanayi da shiri su shiga kowace rana, muddin sun shafi mutanen da ke cikin da'irar eriyar. Tambayar "wa zai amfana da wannan magana?" ta fi sauƙin amsawa nesa ba kusa ba a kan tambayar "saura awa nawa bala'in ya iso?" Ta farko ana amsa ta da karanta rubutun saƙon. Ta biyu sai Allah.

Akwai masu cewa duk wannan gardamar tsofaffi ce, tunda kowa na da waya mai nuna cunkoso da ja da kore. Ni ma da ita nake tuƙi. Amma lokacin guguwar Sandy a watan Oktoban 2012, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na turakun wayar salula a yankin da ta ratsa cikin jihohi goma sun daina aiki. Na'urar wat goma kuwa batir da ɗan faifan sola sun ishe ta, kuma ba ta cushewa don mutum dubu sun kama ta lokaci guda. A duwatsun yamma ma ba sai an yi guguwa ba, akwai wuraren da za ka yi tafiya mai nisa waya ba sabis.

Laifin da nake ganin ya fi kashe waɗannan tashoshi ma ba na doka ba ne, na masu su ne. A wata jiha da ba zan kama suna ba, na taɓa bin umarnin allo na kama tashar, cikin watan Yuli, zafi kamar Sakkwato, sai na ji ana gargaɗina da santsin ƙanƙara a kan gada. An naɗi saƙon tun hunturu an manta da shi. Wannan ya cika kowane sharaɗi na sashe na 90.242: murya ce, ba talla, kuma gargaɗin hanya ne. Da ni ne mai rubuta doka, wannan zan fara aika wa takarda kafin mai maimaita hasashen yanayi, don shi ne yake koya wa direba cewa allon ƙarya yake yi. Kuma da an bar wannan tasha ta jona rediyon NOAA, aƙalla da abin da take faɗa na ranar ne.

Ana cikin wannan kuma sai ga wata barazanar daga inda ba a zata ba. Kamfanoni irin su Tesla da BMW da Volvo sun cire zangon AM daga motocinsu masu lantarki, suna cewa injin yana cusa masa ƙara. Ford ma ta yi niyya, ta janye a watan Mayun 2023 bayan an yi mata ca, a daidai lokacin da sanatoci Ed Markey da Ted Cruz, waɗanda da wuya ka gan su a layi ɗaya, suka haɗu a kan ƙudurin tilasta a bar AM a cikin motoci. Babbar hujjar masu goyon bayan ƙudurin ita ce AM hanyar gargaɗi ce ranar bala'i. In haka ne, ba ya yiwuwa a tilasta wa mai ƙera mota ya ajiye akwatin, sannan a bar mai tashar yana tsoron faɗin abin da zai sa a saba buɗe shi.

Na gaya wa Kawu duk wannan ta waya kwanakin baya, yana wani wuri a Nebraska yana jiran lodi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce shi dai maɓalli na shida a rediyonsa 1610 ne, na biyar 530, kuma duk motar da kamfani ya canja masa, su yake fara saitawa kafin ya gyara kujera. Na tambaye shi sau nawa yake danna su in fitilun allo ba sa ƙyaftawa. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To me zan ji?"